Kundin Bibiyar Sakamakon Horon Share Fagen Sana'a a Aboabo, Kumasi

Litinin, 8 ga Janairu, 2024

Jiya bayan la'asar kwamitin iyaye ya ɗora mini aikin da zan riƙa rubuta tafiyarsa a wannan kundi, wato in bincika ko horon da ake ba matasanmu masu naƙasar fahimta a ɗakuna biyun nan na Aboabo yana barin wani abu a hannunsu bayan sun fita. Shekara shida ke nan da buɗe wurin. A yanzu akwai matasa 11, ƙaraminsu yana da shekara 16, babbarsu tana da 29, sannan wasu 14 sun riga sun gama sun koma gidajensu. Ana koya musu ɗura sabulun ruwa a kwalba, da jera duwatsun wuya, da saƙa abin goge ƙafa da ƙyallayen tela, tare da tsaftar jiki da zuwa a kan lokaci da ƙirga kuɗi. Wannan shi ake kira share fagen sana'a, domin manufarsa ita ce mutum ya sami ɗabi'un da duk wani maigidan aiki zai nema kafin ya karɓe shi.

Wata uwa daga Sawaba ce ta tayar da maganar. Ta miƙe a taron ta ce, "Malam, shekara uku ina biyan kuɗin pragiya, keken hayan nan mai ƙafa uku, safe da yamma, yau ga ɗana yana zaune a tsakar gida. Ina so a gaya mini ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu." Mutane suka yi dariya saboda sabulun ne sana'armu, amma ita fuskarta ba ta motsa ba, kuma babu wanda ya iya ba ta amsa. An zaɓe ni ne don na yi ritaya daga koyarwa a firamare kuma ina da lokaci. An ware mini sidi 1,800 daga aljihun kwamiti.

Tun yau na yanke cewa ba zan rubuta sunan kowa ba, sai dai unguwa ko wata alama. Na kuma zaɓi in riƙa cewa naƙasar fahimta, saboda a zango ana haɗa ta da taɓin hankali alhali kuwa hanyarsu daban ce. Masana suna duba abu uku kafin su ambaci wannan naƙasa: ƙarancin ƙarfin koyo da tunani, wanda a gwajin basira yakan faɗo wajen maki 70 ko ƙasa, da wahalar tafiyar da harkokin yau da kullum, da kuma cewa abin ya faro tun ƙuruciya. A bakin mutanenmu kuwa sai ka ji dolo ko gaɓo ko ɗan ruwa, maƙwabtanmu Asante ma suna cewa nsuoba da ma'ana guda, kuma waɗannan sunaye suna daga cikin abin da matasan za su tarar a bakin kowane shago.

Laraba, 10 ga Janairu

Na wuni a kan takardun wurin. Abin da na samu shi ne rajistar halarta ta shekara shida, wadda aka cika tsaf, da littafin da ake rubuta yawan kwalaben sabulun da aka ɗura kowane mako. Babu wata takarda da ta nuna abin da yaro ya iya a ranar da ya shigo, saboda haka ba ni da abin da zan gwada ƙarshensa da shi. Daga cikin tsofaffin ɗalibai 14, lambobin wayar iyayen tara ne kawai ke shiga. Na sayi littattafan rubutu da fayil-fayil a kasuwar Kejetia, sidi 95.

Litinin, 15 ga Janairu

Na zauna da Malama mai koyar da su da mataimakinta muka rarraba aikin ɗura sabulu zuwa matakai tara, tun daga wanke hannu da sa safar hannu har zuwa goge kwalba da manna takarda da jera ta a kwali. Haɗa sinadaran kuwa malamai ne ke yi, domin wasunsu suna ƙona fata. Kowane mataki zai sami maki gwargwadon taimakon da ɗalibi ya buƙata: 3 idan ya yi shi kaɗai, 2 idan sai an tuna masa da baki, 1 idan sai an nuna masa, sifili idan sai an kama hannunsa. Mun yi wa sayayya da shiga torotoro, wato ƙaramar bas ta haya, irin wannan rabo. Kwafin takardu ya ci sidi 120.

Alhamis, 18 ga Janairu

Hazo ya yi ƙarfi, ɗalibai huɗu ba su zo ba saboda mura. Na ɗage awon farko zuwa mako mai zuwa.

Talata, 23 ga Janairu

Awon farko ya lalace, kuma sai da na kusa gamawa na gane. Da safe makin ya yi kyau ƙwarai, har ɗalibai bakwai a jere suka sami 3 a kusan dukkan matakai, ni kuma na fara murna a raina cewa za mu sami abin gaya wa Mman Sawaba, uwar nan da ta tayar da maganar. Da aka zo kan ɗalibi na takwas, wani saurayi ɗan Asawase mai yawan fara'a, sai na canja wurin zama na koma gefen taga saboda ƙura, daga nan ne na ga abin da ban gani ba tun safe. Duk lokacin da ya gama mataki sai ya ɗaga kai ya dubi Malama, ita kuma idonta ya riga ya sauka a kan abin da zai ɗauka na gaba. Idan mazurari ne, ta dubi mazurari. Da ya manta murfi, ba ta ce uffan ba, gyaran murya kawai ta yi, nan take hannunsa ya koma kan murfin.

Na roƙe ta da ta fita ta tsaya a bakin ƙofa, na ce masa ya sake. Ya wanke hannu, ya sa safa, ya ɗauki kwalba, sai ya tsaya riƙe da ita yana kallon ƙofa har kusan minti biyu. Ban taɓa jin minti biyu masu tsawo haka ba. A ƙarshe ya ɗura sabulun ba tare da mazurari ba, rabi ya zube a tebur.

Malama ba ta ji daɗi ba, kuma ina ganin tana da hujja, domin ba ta yi da niyyar ruɗi ba. Shekara shida tana tare da su, jikinta ya saba taimako har ba ta sanin tana yi, kamar yadda ni ma a aji nakan ɗaga gira ga yaron da ke dab da kuskuren lissafi. Na ba ta haƙuri, muka amince cewa a ranar awo malamin da ya koyar ba zai kasance a ɗakin ba. Na soke makin yau gaba ɗaya.

Litinin, 29 ga Janairu

Wata ɗaliba 'yar unguwarmu da ke karatu a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah, inda akwai cibiyar nazarin naƙasa da farfaɗowa, ta yarda ta zama mai ba da maki ta biyu, in riƙa biyan kuɗin motarta. Mun kalli ɗalibai biyar tare, kowa da takardarsa ba tare da mun dubi ta juna ba. Daga cikin matakai 45 mun dace a 29 kawai. Yawancin saɓanin a kan abu guda ne: idan ɗalibi ya yi kuskure ya gyara da kansa, ni ina ba shi 3, ita tana ba shi 2. Mun tsayar da cewa gyaran da ba a sa baki ba cikakken maki ne, tunda a wurin aiki ma abin da ake so ke nan, muka rubuta ƙa'idar a saman takardar. Da muka maimaita ranar da yamma mun dace a 39.

Asabar, 3 ga Fabrairu

Na fara zaga gidajen tsofaffin ɗalibai, yau uku a Aboabo da Asawase. A kowane gida ina neman izinin iyaye, sannan in nemi na shi mai abin da bakinsa, in bayyana masa cewa yana iya ƙin amsawa. Wani uba ya yi mamakin wannan, ya ce, "Malam, ai ni na ba ka izini, shi me ya sani?" Na ce masa, "Alhaji, labarinsa ne zan rubuta." Ya yi shiru ya kira yaron.

Asabar, 10 ga Fabrairu

Tambayoyin da na shirya wa matasan ba su da amfani, kuma laifina ne. Na tsara su duka a kan a amsa da i ko a'a. Wata budurwa a Sawaba na tambaye ta ko tana son aikin sabulu, ta ce i. Ko tana son ɗinki, ta ce i. Da na ga haka sai na juya na ce, "Aikin sabulu yana ba ki haushi?" ta sake cewa i tana murmushi. Na duba takardun gidaje shida da na riga na zaga, na tarar da i a kusan kowane layi. Wannan sananniyar matsala ce a hira da masu naƙasar fahimta, sukan amince da duk abin da mai tambaya ya faɗa, a nan kuma tarbiyyarmu ta ƙara wa abin nauyi, domin yaro mai ladabi ba ya ce wa dattijo mai furfura a'a a gaban mahaifiyarsa. Haka kuma idan an jera musu zaɓi da baki, wasu sukan ɗauki na ƙarshe da suka ji.

Gyaran da muka yi shi ne hotuna. Na ɗauki hotunan wurare takwas na gaske a unguwa da wayata, bayan na nemi izinin masu su: shagon tela, teburin mai waakye (shinkafa da wake), wurin faci, rumbun ruwan leda, shagon aski, da sauransu, aka wanke mini su a kan sidi 140. Za a ajiye biyu-biyu a gaban mutum a ce ya nuna wanda ya fi so, bayan ɗan lokaci a sauya musu wuri a sake tambaya, idan zaɓin bai canja ba sai a rubuta. 'Yar jami'ar ce za ta yi hirar da mata, a inda uwa za ta hango su amma ba za ta ji ba. Gidaje shidan nan sai an sake komawa, kuɗin mota ya tafi a banza.

Litinin, 19 ga Fabrairu

Ga ɗalibai 11 da ke nan yanzu mun ɗauki hanyar auna cimma buri wadda Kiresuk da Sherman suka fito da ita a Amurka a 1968. Ana zaɓar wa kowane mutum burinsa, a rubuta matakai biyar tun kafin a fara: sifili shi ne abin da ake sa ran zai kai, +1 da +2 idan ya zarce, −1 da −2 idan ya gaza. Mun sa inda kowa yake a yau a matsayin −1, kuma za a duba bayan mako 12. Amfaninta a wurinmu shi ne ba ta tilasta a gwada mai shekara 16 da ba ya magana sosai da mai shekara 29 da ke iya karanta sunanta.

Zaɓen burin ne ya ɗauki lokaci, don na nace sai an yi shi da iyaye da mai abin. Mahaifin ɗan Asawase ya ce shi burinsa yaron ya iya rubuta wasiƙa. Malama ta ce ya ƙware a sabulu. Shi kuwa yaron sau uku ana sauya masa hotuna yana ɗora yatsa a kan wurin faci. A ƙarshe muka tsaya a kan abin da kowace sana'a za ta buƙata, wato ya taso daga gida ya iso wurin horo shi kaɗai. Sifili shi ne ya yi haka kwana uku a mako wani yana binsa daga nesa, +1 kwana biyar, +2 babu mai binsa. Uban ya amince da ƙyar, yana tsoron babbar hanya da masu babur, kuma duk wanda ya san yadda ake tuƙi a wajen nan da safe ba zai ga laifinsa ba.

Talata, 27 ga Fabrairu

Gwajin sayayya. A cikin aji, da kuɗin wasa na takarda, takwas daga cikin 11 suna bambance sidi 5 da 10 da 20 ba kuskure. Yau na ba kowa sidi 10 na gaske, na tura su ɗaya bayan ɗaya wani kanti da ba su saba da shi ba, su sayo burodi da ruwan leda ɗaya su dawo da canji, bayan na shirya da mai kantin cewa kada ya taimaka. Uku ne suka dawo da kaya da canji daidai. Huɗu sun miƙa kuɗin sun juya ba su jira canji ba. Biyu sun tsaya a bayan masu saye har aka gama da kowa ba su buɗe baki ba, ɗaya ta ƙi fita daga ƙofa, ɗaya kuma ya sayo biskit ya cinye a hanya, wanda a ganina ya nuna ya fahimci ciniki fiye da wasu.

Abin da na lura shi ne kuɗin wasanmu sababbi ne fes, na kasuwa kuwa sun tsufa sun yi duhu, ga kwabbai na fesuwa 50 da sidi 1 da sidi 2 waɗanda ba mu taɓa sa wa a darasi ba. Ban da haka, a aji ba a taɓa koya musu cewa bayan miƙa kuɗi akwai tsayawa a buɗe tafin hannu ba. Abin da aka koya a tebur ɗaya ba lallai ne ya bi mutum zuwa wani teburin ba, kuma ga masu wannan naƙasa sai an koyar a wurin da za a yi amfani da abin. Gwajin ya ci sidi 110.

Laraba, 6 ga Maris

Hutun ranar 'yancin kai, na zauna lissafi. Ban da abin da na ambata a baya, kuɗin motata ya kai sidi 310, na 'yar jami'a 200. Jimillar abin da aka kashe 975, saura 825.

Juma'a, 15 ga Maris

An shiga azumi, an mayar da tashi ƙarfe sha biyu. Tun jiya intanet ta ɗauke a ƙasar saboda lalacewar igiyoyin ƙarƙashin teku, ga ɗaukewar wuta, don haka na kasa aika wa 'yar jami'a takardun makin da nake ɗauka a waya. Ɗana ya kai mata su da hannu. Awon tsakiyar zango zai jira bayan Sallah, saboda awon mutum mai ƙishirwa da rana tsaka ba zai nuna iyawarsa ba.

Asabar, 23 ga Maris

Yau na zaga masu sana'a da tsofaffin ɗalibanmu suka taɓa zama a wurinsu. Wani tela a Aboabo ya riƙe ɗaya daga cikinsu wata biyu sannan ya sallame shi. Na ce, "Masta, aikin ne bai iya ba?" Ya ce aikin guga da sa maɓalli yana yi fiye da sauran yaransa, domin ba ya gajiya kuma ba ya taɓa waya. Matsalar ita ce idan aka aike shi sayen zare sai ya ɓata rabin wuni, sannan sauran 'yan koyo suna tsokanarsa har ya yi fushi ya jefar da almakashi wata rana, shi kuma Masta bai san wanda zai kira ba. "Da akwai wanda ke leƙowa ko sau ɗaya a mako, da ban sallame shi ba," in ji shi. Wannan magana ta tsaya mini a rai, domin mu da yaro ya gama muna yin walima mu ba shi takarda, daga nan kuma babu mai sake tambaya.

A ƙasashen da suka daɗe a wannan fage, tun shekarun 1980 aka fara juya tsarin, maimakon a horar da mutum shekaru a ɗaki kafin a nema masa aiki, sai a fara sama masa wurin aiki na gaske, mai horarwa ya bi shi can ya koya masa a wurin, ya riƙa janyewa sannu a hankali. Mu da muke da al'adar kai yaro wurin masta tun kaka da kakanni, rabin wannan tsarin yana hannunmu.

Na kuma je wurin mai waakye da wata tsohuwar ɗalibarmu ke yi wa wanke-wanke da naɗe ganye. Tana zuwa tun asuba, kwana shida a mako, ana ba ta abinci da sidi 10 a rana, alhali mafi ƙarancin albashi na ƙasa a 2024 sidi 18.15 ne a rana. Na daɗe ina tunanin layin da zan sa ta. Idan na rubuta ta a cikin masu aiki kawai, na ɓoye cewa ana biyan ta ƙasa da ƙa'ida. Idan na ce ana cutarta, na manta cewa Hajiyar ce kaɗai ta buɗe mata ƙofa, kuma yarinyar da aka nuna mata hotuna teburin waakye ta zaɓa sau uku. Na ƙara ginshiƙai biyu a takardar: nawa ake biya, da kuma hannun wa kuɗin ke shiga. A nan kuɗin hannun yayarta yake shiga.

Litinin, 15 ga Afrilu

An dawo daga hutun Sallah. Awon tsakiya ya nuna shida sun koma baya da maki ɗaya ko biyu a matakan sabulu bayan hutun. Zan sake auna su ranar Juma'a don in ga ko kwana huɗu na aiki za su dawo da abin.

Juma'a, 19 ga Afrilu

Biyar daga cikin shidan sun koma inda suke.

Asabar, 27 ga Afrilu

Na gama bibiyar tsofaffin ɗalibai. Daga cikin 14 na sami 12, ɗaya iyayensa sun koma Tamale, ɗaya kuma an ce tana Nima wurin gwaggonta, ban sami lamba ba. A cikin 12 ɗin, biyu suna aikin da ake biyan su a kai a kai, wato mai wanke-wanken waakye da wani mai loda jakunkunan ruwan leda. Uku suna taya sana'ar gida ba tare da biya ba, ɗaya tana koyon ɗinki, shida suna zaune a gida. Babu ko ɗaya da ke yin sabulu ko duwatsu ko abin goge ƙafa. Dalilin a bayyane yake da na tambaya: sabulu sai da jari da mai haɗa sinadarai da mai kai wa kasuwa, kuma duka ukun a wurin horo suke, ba su bi kowa gida ba.

Duk da haka ban yarda in rubuta cewa shekarun sun tafi a banza ba. Iyaye tara cikin 12 sun ce yaron yanzu yana wanka da sa tufafi da kansa, uwaye huɗu kuma sun ce wannan ne ya ba su damar komawa kasuwa. Mman Sawaba da kanta ta ce ɗanta ne ke sharar gida da ɗebo ruwa, kuma yana zuwa masallaci shi kaɗai, abin da da can ba ya yi. Sai dai wannan shaidar iyaye ce daga tunawa, babu awon farko da zan jingina ta da shi, kuma yaro yana girma ko da horo ko babu. Haka zan rubuta a rahoton.

Wani abu da ya fito a gefe: gidaje bakwai ba su taɓa jin labarin kashi 3 cikin 100 na asusun bai ɗaya na majalisun gundumomi da ake ware wa masu naƙasa a 2024 ba, ba su kuma san da Dokar Masu Naƙasa ta 2006, mai lamba 715, ba. Ghana ta tabbatar da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa tun 2012, wadda sashenta na 27 ya yi magana a kan haƙƙin aiki, amma a tsakar gidajen da na shiga babu wanda ya taɓa karanta musu ita da Hausa.

Laraba, 8 ga Mayu

Ruwan daren jiya ya shigo ta rufin ɗakin horo ya jiƙa fayil ɗin ɗalibai huɗu. Uku ina da hotonsu a waya, na huɗun kuwa makin makonni biyu ya narke, ba zan cike shi da ka ba, zan bar gurbin a buɗe. Sabon kwafi da jakar roba, sidi 75.

Litinin, 13 ga Mayu

Mako 12 ya cika. Biyu sun kai +1, huɗu sun kai sifili, huɗu suna nan a −1, ɗaya ta koma −2 bayan rashin lafiyar da ta kwantar da ita mako uku. Ɗan Asawase yana cikin masu +1, kwana biyar a mako yana isowa, ƙaninsa na binsa daga nesa. Da muka duba da 'yar jami'a mun ga cewa burin mutum biyu daga masu sifili mun sa shi da sauƙi ƙwarai, ɗaya ma ya kai shi tun mako na uku, saboda haka adadin shida ya ɗan fi gaskiya kyau. Mun kuma lura cewa dukkan waɗanda suka ci gaba burinsu a waje ake yin sa, a hanya ko a kanti, kuma akwai wani a gida da ke maimaita musu.

Asabar, 18 ga Mayu

Na gabatar da rahoton ga kwamiti, zaman ya kai awa uku. Da na karanta cewa babu mai yin sabulu a cikin 12, wani dattijo ya ce to a rufe sashen gaba ɗaya. Malama ta tashi ta ce kuɗin sabulun ne ke biyan wutar lantarki da rabin alawus ɗin mataimakinta, kuma a kan teburin sabulun ne yaran suka koyi zama awa biyu a kan aiki guda. Duka biyun gaskiya suka faɗa, ni kuma na ce awona bai isa ya raba wannan gardama ba. Wasu iyaye mata sun nuna tsoron tura 'ya'yansu shagunan mutane, saboda abin da kowa ya sani yana iya faruwa da yarinyar da ba za ta iya ba da labari ba. Ba a yi saurin wuce wannan batu ba, kuma an amince cewa mace ba za ta je sai wurin mace, a inda wata daga kwamiti ta sani, kuma za a fara koya musu wanda za su gaya wa idan an taɓa su.

Abin da aka tsayar: sabulu zai koma kwana biyu a mako, kwana biyu a fita waje don sayayya da hanya da kuɗi na gaske, rana ɗaya kuma mataimakin Malama zai zaga waɗanda aka kai wurin masu sana'a. Duk sabon ɗalibi za a auna shi a makonsa na farko. Mman Sawaba ba ta ce komai ba har aka tashi, a bakin ƙofa ne ta tambaye ni ko ɗanta zai iya shiga cikin waɗanda za a fara kai wa. Ruwa da lemo na taron, sidi 150.

Litinin, 27 ga Mayu

Lissafin ƙarshe na wannan zango: ƙarin kuɗin mota 260, katin waya 90, da 75 da 150 da na ambata, jimilla 575, saura sidi 250 da na mayar wa ma'aji da rasit.

Zango na biyu zai fara bayan Babbar Sallah da mutum huɗu: ɗan Asawase a wurin mai faci da ke kusa da gidansu, ɗan Mman Sawaba a rumbun ruwan leda, tsohon ɗalibin tela zai koma wurin Masta wanda ya yarda a kan sharaɗin leƙawar mako-mako, sai budurwa ɗaya a wurin mai koko da ƙosai. Za a rubuta wa kowannensu kwanakin zuwa, da abin da ake biya, da hannun da kuɗin ke shiga, da zaɓinsa na hotuna a wata na ɗaya da na uku da na shida. Na ƙiyasta sidi 2,400, yawancinsa kuɗin motar mai zagayawa. Ranar Laraba ni da ma'aji za mu je ofishin jin daɗin jama'a mu karɓo takardun neman tallafin asusun masu naƙasa na gidaje bakwai ɗin nan, ranar Alhamis kuma zan koma wurin Hajiya mai waakye tare da yayar yarinyar a kan maganar sidi 10.